Ranar Da Teku Ta Ƙi Karɓar Hambali

Wani mutum ne ana ce masa Hambali, yana karatun digiri na biyu a ƙasar Malesiya. Duk Bahaushen da ya zauna a garin ya san shi, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Ba a taɓa kawo zance a gabansa ya ce bai sani ba. In an ce doki, ya hau wanda ya fi shi. In an ce maciji, da hannu yake kamawa. Amma inda bakinsa ya fi kaifi shi ne maganar ruwa. A faɗarsa, kakansa na wajen uwa Sarkin Ruwa ne, shi kuma tun yana goye aka tsoma shi a kogi, kada ya zo ya sunsune shi ya juya.

Gaskiyar magana kuwa, garinsu can arewa yake, inda rijiya ke kai gaba ashirin. Ruwa mafi zurfi da Hambali ya taɓa shiga shi ne kududdufin bayan makarantarsu, shi ma iya gwiwa.

Ana nan sai jininsa ya haɗu da na wata ɗaliba mai suna Saude, har magana ta kai gida. Mahaifinta yana Yawuri, ba halin ya zo ya ga mutum da idonsa, sai ya ɗora wa yayanta Nafi'u binciken, tunda shi ma a can yake karatu. Ya ce masa, "Ka ci abinci da shi, ka yi tafiya da shi. Abin da ka faɗa mini shi zan bi." Hambali ya san da wannan. Abin da bai sani ba shi ne gidan su Nafi'u gidan Sarkawa ne, kamun kifi suka gada kaka da kakanni. Da ya taɓa rufe baki na minti biyar da ya ji.

Da hutu ya zo sai Nafi'u ya kawo shawara. Kowa ya goya jakarsa a baya, su uku, su zaga tsibirai na kwana biyar.

"Kai da ruwa ya san ka," in ji Nafi'u, "ai sai ka koya mana."

Hambali ya ƙirƙiro murmushi. Ya ce, "Yaya, ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama."

Suka hau mota har bakin teku, suka hau babban jirgin ruwa, daga nan suka yi shatar wani kwalekwale mai inji na wani dattijo da ake kira Pak Jusoh. Ruwan wurin garai-garai yake, kana sama kana hangen yashi da kifaye masu launi kamar an ba yara fenti. Saude ta sa doguwar rigarta ta iyo da hijabi, Nafi'u ya sa tabaran ruwa, suka shiga. Hambali ya harɗe a cikin kwalekwale.

"Malam Hambali, bismilla," in ji Nafi'u.

"Ku dai yi. Mu a gidanmu ba a faɗa wa baƙon ruwa ranar farko. Sai an gaisa."

Kashegari suka koma wani tsibirin. Saude ta leƙo daga ruwa ta ce, "Jikan Sarkin Ruwa, kun gaisa ɗin? Ya amsa?"

"Wannan ai wani ruwan ne daban. Gaisuwa ta koma farko."

Saude ta yi dariya. Nafi'u bai yi ba. Kallonsa kawai ya yi, irin kallon da malami ke yi wa ɗalibin da ya ce ya manta littafi a gida. Kallon nan ya tsaya wa Hambali a rai har ya kasa gama shinkafarsa. In ya bari aka koma bai shiga ruwa ba, ya san irin labarin da zai isa Yawuri.

Rana ta uku, ana idar da sallar asuba, ya sulale bakin gaɓa inda aka ɗaure kwalekwalen. Ya zaro rigar ceto guda, irin mai soson nan da ke hana mutum nutsewa, ya sa. Ya tsaya ya yi tunani. Ya ƙara ta biyu a kai, ya ɗaure tamau. Sannan ya kawo wata zabgegiyar jallabiya da ya taho da ita don Juma'a ya rufe.

Da za a tashi, Pak Jusoh ya yi ta dube-dube a ƙarƙashin benci yana gunaguni da yarensu, sannan ya raba rigunan da suka rage. Ya miƙa wa Hambali ɗaya. Hambali ya ɗaga hannu.

"Yaya, faɗa masa ya ajiye. Abin kunya ne a zuriyarmu."

Saude ta dube shi sama da ƙasa. "Sai na ga ka yi ƙiba daga jiya zuwa yau."

"Kifin garin nan ne ya karɓe ni."

"Kuma da jallabiya za ka shiga?"

"Mu ba ma tuɓe wa ruwa. Raini ne."

Suka isa wani wuri tsakanin tsibirai biyu, dattijo ya jefa ƙugiyar ƙarfen da ke tsayar da jirgi. Hambali ya hau gefen kwalekwale. Ya runtse ido, ya yi kalmar shahada a zuci, ya saki jiki. Tsundum. Kafin ya gama tunanin mutuwa sai ga shi ɓul a sama. Ya buɗe ido ɗaya. Ya buɗe na biyun. Ashe haka abin yake da sauƙi.

Nan fa kansa ya kumbura. Ya kwanta rigingine a kan ruwa, ya yi matashi da hannuwansa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Wasu Turawa a wani kwalekwalen suka shiga ɗaukarsa hoto. Shi kuwa yana ta bayani.

"Kun gani? Ko motsi ba na yi. Jini ne. Ruwa ba ya cin nasa."

Saude har da tafi. Da Hambali ya fito a nan, da ya ci riba.

Lokacin tafiya ya yi, Pak Jusoh ya ja igiyar ƙugiya, ta ƙi. Ya ja ta dama, ya ja ta hagu, ya kunna inji ya ja da baya. Ko gezau. Ta maƙale a tsakanin duwatsu, ga ta can ana hangenta, bai fi gaba biyu ba. Dattijon ya nuna kunnensa yana magana.

Nafi'u ya leƙo ya ce, "Malam Hambali, ya ce likita ya hana shi nutso saboda ciwon kunne. Na ce ya kwantar da hankalinsa, Allah ya kawo masa jikan Sarkin Ruwa har gida."

Hambali ya sauke ƙafar da ya ɗora. "A yanke igiyar mana."

"Ita ke nan gare shi. Kai ai numfashi ɗaya ne."

Ya dubi Saude. Ta ɗaga masa kai, fuskarta cike da yarda. Ba hanya. Ya ja iska, ya toshe hanci, ya dulmiya kai. Kan ya shiga. Sauran jikin ya ce bai san zancen ba. Ƙafafu suka yi sama suna facal-facal, sannan ya dawo ɓul yana tari.

"Na leƙa ne tukuna in ga yadda ta kwanta."

Ya sake. Ɓul.

"Ruwan ne ke jin nauyina. Ya san ko ni wane ne, ba ya so ya rufe ni."

"Lallaɓa shi," in ji Nafi'u.

A karo na uku ya yi zuciya. Ya kama igiyar ƙugiya da hannu biyu, ya kifa kai ƙasa, ya ja da iya ƙarfinsa. Ƙugu ya yi sama tsaye kamar an kafa tuta. Jallabiya kuwa da ta sha ruwa ta zazzago ta rufe masa kai. Sai ga riguna biyu ruwan lemo, ɗaya kan ɗaya, kowace da sunan kwalekwalen Pak Jusoh rubuce ɓaro-ɓaro a baya.

Dattijon ya nuna su da yatsa ya faɗi wata kalma guda, ba wanda ya nemi fassara. Turawan nan suka ci gaba da ɗaukar hoto.

Nafi'u ya cire agogonsa ya miƙa wa ƙanwarsa. Ya zame cikin ruwa ba ko ƙara, ya sauka kamar mai shiga ɗakinsa, ya zare ƙugiyar ya hau. Shi kuwa Hambali ya naɗe a jallabiya, ya kasa gane gabas. Da sandar tura jirgi aka saƙalo shi, mutum biyu suka jawo shi ciki tsamo-tsamo. Har suka isa tsibiri na gaba bai ce uffan ba. Saude ta ce tunda ta san shi ba ta taɓa jin ƙarar teku sosai irin na ranar ba.

Bayan la'asar, can gida hantsi ke nan, sai ga kiran bidiyo daga Yawuri. Nafi'u ya ɗauka a ƙarƙashin wata bishiyar kwakwa, Hambali na rakuɓe a gefe yana jin komai.

"Yaya mutumin naka?" in ji tsohon.

"Baba, salla ba ta wuce shi. Ba shi da rowa. Jiya ma shi ya goya wa wata tsohuwa kayanta har kan tudu. Sai dai baki." Daga nan ya kwashe labarin kaf, tun daga kadan da ya sunsune shi har zuwa sandar tura jirgi.

Tsohon ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da ya huta ya ce, "Ke Saude, kin ji. A hakan kina so?"

Saude ta rufe fuska da gefen hijabi. "Duk yadda ka ce, Baba."

"To na gane. Ba ni shi."

Hambali ya karɓi waya da hannu biyu, ya durƙusa a kan yashi, murya ƙasa-ƙasa. "Barka da hantsi, Baba. Ni dai a yafe mini."

"Ba komai, ɗana. Shekara hamsin ina sana'ar su, ban taɓa ganin wanda aka danna sau uku ya ƙi nutsewa ba. Ka turo magabatanka, na ba ka. Dama goran da nake hawa in shiga kogi ya tsage, in ka zo sai in riƙa hawanka."