Rasuwar Almakashin Bahaguwa

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da hannun da ya kasa zama wuri ɗaya, ni Ni'imat Abdul-Gaffar, mai shagon koyar da ɗinkin bargon faci a lungun masu ɗinkin tanti na Alƙahira, nake sanar da ɗalibaina da maƙwabta rasuwar almakashina. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Talatar da ta wuce, a saman benenmu, tattabaru na kallo.

An haifi marigayin a maƙerar wani tsoho da ke bayan Ƙofar Zuwaila. Ni bahaguwa ce. Tun ina ƙarama aka bi hannuna na hagu da duka har ya saki cokali, ya saki alƙalami, amma da aka zo kan yanka ƙyalle sai ya yi taurin kai. Mahaifina ya gaji da ganin almakashin mutane na tauna yadi a hannuna, ya sa aka ƙera mini nawa a juye. Maƙerin ya daɗe da rasuwa, ba wanda ya gaje shi. Da dama nake ci, da dama nake gaisawa, yanka kaɗai ya rage wa hagu, kuma shi ne ya ciyar da gidanmu.

Marigayin mai kamun kai ne. Bai taɓa ɗanɗana takarda ba, domin kafin sabuwar ɗaliba ta taɓa allura sai ta haddace cewa almakashin yadi na yadi ne. Bai taɓa buɗe baki a banza ba, tunda kowa ya san buɗe almakashi a kan iska faɗa yake jawowa gida. Maganarsa ɗaya ce, ƙyas, ƙyas, in ya zo lanƙwasar furen bado ya sassauta murya.

Jinyarsa gajeriya ce. Mijina Fikri, wanda ya ajiye aikin jirgin ƙasa ya koma hidimar tattabaru, ya sauko neman abin da zai yanka ragar waya ya gyara musu ɗaki. Tsawon aurenmu bai taɓa wuce ƙofar ajin nan ba, ranar da ya wuce kuwa ina kasuwa sayen auduga. Na dawo na tarar da bakin marigayin duk giɓi. Mai wasa wuƙaƙe ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce in aka wasa har giɓin ya ɓace, bakunan biyu ba za su ƙara haɗuwa ba. Na hau sama na tsaya a gaban Fikri, na yi ta buɗe shi ina rufewa a kan iska, da gangan. Faɗan kuwa ya zo, kuma tun ranar ba na yi masa magana.

Jiya ya shigo da sabo a kwali, sai sheƙi yake, ya ajiye mini a kan tebur.

"Maman Tamir, ga shi nan. Ƙarfe ne fa, ba mutum na kashe ba."

Na zura yatsuna. Na hannun dama ne. Wallahi yankan wayar bai ci mini rai kamar wannan ba. Mutumin da muka tsufa tare, wanda yake kwana cikin bargon da na yanka, bai san da wane hannu nake sana'ata ba. Ɗalibata Marsel ta ce in yi haƙuri, idon mai tattabaru kullum a sama yake. Na ce to ya sauko da shi.

Marigayin ya bar allurai masu yawa, da guntun alli, da littattafan zane waɗanda ɗalibata Madam Afaf ta ara ta manta hanyar dawowa, da bargo ɗaya da aka yanka rabi. Ya bar ɗalibai da ke zaune suna kallon juna. Ya kuma bar hannun hagu, wanda yake buɗewa yana rufewa shi kaɗai a aljihu, a motar haya, a bakin murhu. Na ba shi carbi ya ƙi, na zauna a kansa ya zame.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar bayan la'asar, lokacin aji, a cikin shago. Akwai gahawa ba sukari, kamar yadda aka saba a makoki a garin nan. Kowace ɗaliba ta zo da ƙyalle ɗaya a haɗa likkafani, ni zan yanka da sabon, da hagu, kowa ya ga yadda yake tauna yadi. Daga nan a binne marigayin ƙarƙashin matashina, tunda ko dakusasshen almakashi yana korar mugun mafarki.

An ajiye wa Fikri kujera a cikin ajin, ta hagu da ni. Ba sai ya ce komai ba. In ya sauko ya zauna, ya kalli hannuna har na gama yankan, zan sa masa sukari a tasa gahawar.