Takin Aro

Akwai wani manomin albasa a garinmu, Malam Sallau, wanda injin ban-ruwansa ya mutu bara. Kai, bawan Allahn nan idonsa a bushe yake, kunya ba ta san hanyar gidansa ba. Wata ƙungiya ce ta yi alkawarin raba injin ruwa, amma sai ga wanda aka duba gonarsa aka tabbatar yana noma mai ɗorewa. Babban abin da ake dubawa kuwa takin gargajiya ne, wai shi ke raya ƙasa. To mutanenmu tuni suka koma takin buhu, shanun ma an sayar. Sallau kuma in bai samu injin nan ba, albasar rani ta bana sai dai ya kalli ta wasu. Sai shi da wasu manoma uku suka haɗa baki, suka aro kashin shanu amalanke guda wurin wani makiyayi, kamar masu aron tukunyar biki. A zube a gonar wannan, mai dubawa na juya baya a kwashe, a zaga ta bayan rafi a zube a ta gaba. Gonar Sallau ce ta ƙarshe.

Mai dubawar, Malama Ladidi, ta iso ta tsaya kan tarin takin. Wani tsohon silifas ne shuɗi mai tsinkakken hanci ya leƙo daga ciki.

Ta ce, "Malam Sallau, silifas ɗin nan tun safe muke tare. Duk gonar da na je sai in tarar ya riga ni."

"Ikon Allah," in ji Sallau, ko ƙifta ido bai yi ba. "Ai kamfani ba ƙafa ɗaya ya buga ba."

"Har da tsinkewar? Haba Malam. Taki ɗaya ne kuke yawo da shi. Ka ma san me ake nufi da ɗorewa? A amfana da abu yau ba tare da an cinye rabon na gobe ba. Ban ga ta inda injin nan zai zo hannunka ba."

Wallahi ni da ke tsaye a gefe, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ko gogan sai ya gyara zaman hularsa.

"To ranki ya daɗe, ai mu muka fi kowa. Gona huɗu takin nan ya yi wa aiki yau, ko cokali bai ragu ba, kuma gobe ƙauyen gaba ke jiransa."