Jatau Mai Riƙon Waya

A Unguwar Kuka akwai wani magidanci, Jatau. Mutumin kirki ne, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Gida ɗaya suke da ƙanwarsa Laure, malamar firamare. Janaretan rijiyar garin ya mutu, mata na tafiya rafi, dattawa kuma sun ce sabo za a sayo. Laure ta dage sai sola, irin ta makarantarsu. Ta ce bidiyo za ta riƙa sakawa a intanet har su yarda.

Wata rana ta miƙa masa waya. "Yaya, kada ka kawar da ita daga fuskata." Ta yi ta bayani tana nuna farantan sola. Da aka saka bidiyon, babu faranti ko ɗaya, sai hancin Laure da idanunta. Mata suka yi ta tambaya a ina take sayen kwalli.

Wata rana ta ce, "Je wurin mai niƙa, ka ɗauko hayaƙin injinsa kusa-kusa." Bawan Allah ya cusa wayar a bakin salansa, bututun da hayaƙin ke fita. Ya dawo baƙi ƙirin yana tari, bidiyon ma baƙi ƙirin. Laure ta ce, "Wayyo ni! Yaya, ka kashe ni."

Wata rana, ana gobe dattawa za su yanke shawara, ta kai shi famfon makaranta ta kunna shirin kai tsaye. "Riƙe, kada ka kashe sai na dawo, mayafi zan ɗauko." Tana isa gida ta tarar maƙwabciya na naƙuda, ta manta da shi sarai.

Hadari ya haɗu, ruwa ya kece. Jatau ya samo kwano ya yi wa wayar laima da shi, shi kuwa ya jiƙe sharkaf. Gari ya ɗauka, kowa ya buɗe waya yana dariya. Amma a bayan dariyar suna gani: ba rana, ga famfo na zuba daga tankin da ya cika tun safe.

Da la'asar mai unguwa ya zo da kansa, Laure na biye a guje.

Mai unguwa ya ce, "Da ma tsorona ranar hadari. Da wani ne ya ɗauka, sai in ce haɗi ne. Jatau kuwa bai iya ƙarya ba. Sola za mu saka."

Jatau, haƙora na karkarwa, ya ce, "Laure, kin dawo ke nan? In kashe?"