Kwabon Cibiya

"Lahiya lau, ango. Yau ma hannu rabbana kaz zo, awa kullum?"

"Wa ka kai ma amarya tsaraba bayan haƙoranta sun ƙare, tsohuwa?"

Marwan ke nan da kakarsa Tasalla, ko ƙurar babur bai kakkaɓe ba daga Isa zuwa Turba. Damina na bakin ƙofa, ɗakin Tasalla kuwa tun bara yake yoyo, kuma Marwan, da yake bakinsa ya fi aljihunsa ƙarfi, ya yi mata alkawarin rufin kwano a gaban jama'a. Abin da ya dogara da shi tsofaffin kuɗi ne. Ya ji a waya cewa kwabon da ya fito daga gidan bugu da kuskure, masu tara irinsu na sayensa da tsada. Ya taɓa kwasar wasu suɗaɗɗu ya kai wa wani mai saye a Sakkwato, mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan ai tsufa ne. Tun ranar Marwan ya koyi duba kwabo da kyau.

"Ɗauko mani kuɗinki na zamanin Annabi Nuhu," in ji shi.

"Miji na kirki kawowa shikai, nawa kwasa. Allah ya haɗa ni da ɓarawo."

Ta dai shiga ta fito da tsohon zare, an jera masa kwabbai masu huda a tsakiya, irin na zamanin Turawa. Ta zaro ɗaya da rubutunsa ya shafe. "Ga kuskure nan. Ko suna babu, awa kai ranar rabon hankali."

"Wanga suɗewa ta, hannuwa sunka cinye shi. Ki ga har bakinshi ya lallashe. Na kuskure, rubutunshi na nan raɗau, wuri guda ɗai za ki ga abin ya karkace. Ke da shi duk tsufa ad damunku."

Yana cikin tura kwabban da yatsa sai ya tsaya cak. Ga wani kwabo rubutu raɗau, kambin sarauta kamar jiya aka buga, hudarsa kuma ƙarama ce, ta kauce daga tsakiya. Nan take ya hango kwano na walƙiya a kan ɗakin Tasalla, har ya ji maƙwabta na sa masa albarka.

"Amarya, kin yi arziki! Huda ta karkace tun daga Ingila!"

"Ingila ta gidan Abdulrauf maƙeri?"

Marwan ya juya bayan kwabon, ya kai shi rana. Hudar gidan bugu santsi gare ta gaba da baya. Wannan kuwa ƙarfen ya turo leɓe ta baya, ga ma wurin da ƙusa ta fara zamewa kafin ta shiga. Murna ta koma ciki, amma bai gama jin mugun labari ba tukuna.

"To don mi za a huda abin da anka riga anka huda?"

"Wa yac ce maka da huda yaz zo? A toshe yaz zo, lumui. Ina budurwa anka ba ni shi canji kasuwar Sabon Birni. Na kai ma mai gishiri ya ƙi, mai goro ya ce jabu na. Don haushi niw wurga shi ƙasan kwalla, yay yi ta kwana."

"A toshe?" Marwan ya zabura. "Tsohuwa, irinshi aka nema ido rufe! Shi a kuskuren gaske! Mi yak kai ki ga maƙeri?"

"Kai."

"Ni?"

"Kai da cibiyarka. An haihe ka da cibiya awa gauta, in ka yi kuka ta miƙe tsaye ta gaida mutane. Anka ce a ɗaura kwabo. Sauran duk sun yi dauɗar hannun duniya, shi ɗai a sabo, ba wanda yat taɓa. Nic ce jikana ba a sa mai ƙazanta. Nib biya Abdulrauf da ƙwan zabi, yas sa ƙusa, munka zura zare."

Marwan ya zauna a kan turmi. Baƙin ciki ya cika shi, ga shi ba wanda zai kama da laifi, don mai laifin na cikin rigarsa.

"Kin huda kwanon ɗakinki da hannunki, amarya."

"Cibiyarka ta cinye shi, ango. Tun kana tsumma kaka cin dukiyata."

Ta faɗa da dariya, amma idonta ya tafi kan azarar ɗakin, inda ruwan bara ya bar baƙin zane. "Da na san kwabon ga rufi na, da na wanke wani da toka," ta ce a hankali. "Shekara nawa yana kwance yana jirana."

Wannan maganar ta fi yi wa Marwan zafi, don bai saba jin Tasalla ta yi magana ba tsiya a ciki. Ta tsinke zaren da sauran haƙorinta, ta danƙa masa kwabon a tafin hannu.

"Riƙe. Sadakinka ke nan, na biya tun kana jinjiri."

"Na karɓa," ya ce, dariya ta ƙwace masa ba don yana so ba. "Kin ci wannan. Ina kwandon ɗibar ƙasa? In kwano ya gagara, yaɓe bai gagara ba."

Ya tuɓe riga ya rataye a kan danga, ya nufi ramin ƙasa. Tasalla ta bi cikinsa da kallo, ta gyaɗa kai.

"Kwano dai ya tahi," ta ce. "Amma dubi aiki, cibiya ta kwanta lumui."