Ranar da aka yi wa Java ruƙiyya

Ba zan taɓa mantawa da zazzaɓin da ya kwantar da ni a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ta Zaitawa ba za su bar ni ba.

A lokacin ina aiki a wani shagon kwamfuta kusa da Ƙofar Nassarawa. Mai shagon, Malam Tijjani, ya jawo mana intanet ta layin tarho, irin wadda sai ta gama kuka da tsuwa kafin ta haɗu. Gari ya cika da sababbin 'yan siyasa, kowa yana son a buga masa fasta, sai ga wani ɗan majalisa ya ce shi shafi yake so a intanet, don ya ji ana yi a Legas. Malam Tijjani ya dube mu ya ce wa zai iya. Na ɗaga hannu. (Gaskiyar magana, abin da na sani bai wuce buɗe imel ba. Amma Binta mai buga mana takardu tana zaune a wurin, ni kuwa na daɗe ina neman abin da zai sa ta ɗago kai ta dube ni.)

Na duƙufa karatu. Kullum akwai sabon darasi a intanet, ni kuma gani nake in na yi fashin yini ɗaya duniya za ta wuce ta bar ni. Ana cikin haka zazzaɓi ya sauko min. Na ci gaba da zuwa aiki ina rawar ɗari a gaban kwamfuta, har ranar da Malam Tijjani ya taɓa goshina ya janye hannu da sauri.

"Tashi ka tafi gida," ya ce. "Aikin naka ne, ba wanda zan ba. Ka sha magani ka kwanta."

Ban yarda ba, don na san akwai masu jiran kujerata. Na roƙe shi ya bar ni in buga darussan a takarda in tafi da su. Ya girgiza kai, amma ya bari.

A gida, ɗakina yana soro. Umma ta kawo kunu da magani, na ce mata to, na tura su gefe na baje takardu a tabarma. Don in haddace ƙa'idojin sai na riƙa fassara su da Hausa. Kowane shafin intanet yana da abin da ake kira kai da abin da ake kira jiki, kuma duk wanda ka buɗe dole ka rufe. Haka na wuni ina maimaitawa, jikina kamar garwashi, har na daina bambance karatu da mafarki.

Abin da ya biyo baya, rabi na tuna, rabi labari aka ba ni.

Gwaggo Asabe, yayar mahaifinmu, ta zo duba ni bayan azahar. Tana leƙowa ta tarar da ni ido a kafe a rufin ɗaki ina cewa, "A buɗe kai, a rufe kai. A buɗe jiki, a rufe jiki." Ta duba tabarma ta ga takardu cike da 'yan alamomi masu tsini kamar hatimi. Ta saka salati tana ƙwala wa Umma kira.

"Hajara! Fito, an yi wa yaron nan asiri, kuma da Turanci aka yi shi!"

Umma ta ce ita dai tana ganin zazzaɓi ne. Amma wa ya isa ya ja da Gwaggo? Nan da nan aka tuɓe min riga, aka shafe ni da man habbatus sauda da tafarnuwa, aka ɗaura min zanin Umma mai furanni, aka aika a kira Malam Na'ibi na masallacinmu.

Malam ya zo ya zauna ya yi karatu a kunnena. Shi bai so ya wuce nan ba, Gwaggo ce ta matsa sai ya tambayi wanda ke jikina. Ya yi gyaran murya.

"Kai wane ne a jikin bawan Allah nan?"

Ni kuwa a lokacin na kai wani darasi na yaren kwamfuta mai suna Java, wanda ya ƙi shiga kaina. Na ce, "Java."

"Kun ji ko!" in ji Gwaggo. "Ba ma na ƙasar nan ba ne."

"To Java, za ka fita ko ba za ka fita ba?"

"Layi ya yanke," na ce. "Sai an sake bugawa."

Wata dariya da aka danne ta kuɓuce daga bakin ƙofa, ita ce ta dawo da ni hayyacina. Na buɗe ido sosai. Malam Tijjani ne a tsaye riƙe da ledar lemo, kafaɗunsa suna rawa. A bayansa Binta ce, ta toshe baki da gefen mayafi, hawaye na zuba. Sun yi ta sallama ba a ji ba. Na dubi kaina: ƙirji a waje yana ƙyalli, zani mai furanni, warin tafarnuwa har titi. Na ja zanin na rufe fuska, sai na tuna ba komai a ƙasa sai gajeren wando, na sake mayar da shi.

Malam Tijjani ya durƙusa ya gaishe su, ya ɗauki takarda ɗaya ya yi musu bayani a hankali, bai bari Gwaggo ta ji kunya ba ko kaɗan. "Ai kin yi daidai da kika tsorata, Gwaggo. Ni ma ranar da na fara ganin rubutun nan sai da na yi a'uziyya." Malam Na'ibi ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce addu'a dai an yi, saura asibiti.

A motar Malam Tijjani aka kai ni. Likita ya ce zazzaɓin ya fara taɓa kai, da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Har yau in na tuna sai in gode wa Allah da Ya kawo Gwaggo a ranar, don ba don ihunta ba da ina nan ni kaɗai a soro ina rufe jiki.

Da aka sallamo ni, Umma ta kwashe takardun ta kulle a adakarta. Malam Tijjani ya je da kansa ya ba ɗan majalisa haƙuri, ya ce ma'aikacinsa ba shi da lafiya, a jira. Sai da na fara cin tuwo sosai Umma ta yarda a riƙa ba ni darasi ɗaya a yini, Binta ke zaɓowa ta aiko da shi, kuma abin mamaki, sai a lokacin karatun ya fara zama. Na koma aiki na haɗa shafin, ga hoton ɗan majalisa da babbar riga yana ɗaukar kusan rabin wuni kafin ya buɗe, amma ya ji daɗi ƙwarai.

Sunan dai ya bi ni. Yanzu ina da furfura, ina da ma'aikata a ƙarƙashina, amma in na shiga unguwa sai in ji wani dattijo daga kan dakali ya ce, "Java, an fita kuwa?"

Abin da na koya shi ne, in ciwo ya zo a ba shi haƙƙinsa, a kwanta, sabon ilimi zai jira. In kuma mutum ya nace sai ya yi karatun, to don Allah ya yi a zuci, kuma ya fara tabbatar da gwaggonsa ba ta gari.