Mai Kokon da Ta Kashe Dodo a Japan

Ranar Asabar na sha kunya a gaban 'yata Ruhaina, kuma laifin na wasu manya ne da ba zan ambaci sunansu ba, Allah ya ƙara musu sanyin ofis.

Wata uku ke nan muna gardama da yarinyar nan mai shekara tara. Akwai wani katun na Japan, na yaro mai gashi a tsaye da kunkurunsa mai tashi sama. Mun kalle shi muna yara, har yau kuma ba su daina fitar da sabo ba. Ni na ce na farko-farkon su ne katun, na yanzu ihu ne kawai da walƙiya. Ita ta ce tsufa ke damuna. Hujjata ɗaya ce, na maimaita mata ya fi sau ashirin: ranar da dodo ya biyo yaron cikin kasuwa, wata mai koko ta sheƙa masa tafasasshen koko a ido, kunkuru ya ƙarasa shi.

Don in rufe mata baki, na je kasuwar waya ta Circle aka zuba min tsofaffin a waya. Muka zauna. Dodo ya fito, yaro ya yi masa wa'azin zumunci na minti goma, dodo ya fashe da kuka, suka sha hannu. Ba kasuwa, ba koko.

"Baba," in ji Ruhaina, "a Japan ma suna shan koko da ƙosai?"

Shekara talatin ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, domin yarinyar nan duk abin da na faɗa ɗauka take kamar karatun allo, sai ga ta tana min kallon maƙaryaci.

Na ja hannunta har unguwar Maamobi, shagon Razak tela, abokina tun na yarinta. A zamaninmu talabijin ɗaya ce a layinmu na Nima, mu fi ashirin a tsugune gabanta da la'asar. Su ranka-ya-daɗe masu riƙe da makunnin wutar lantarki kuwa ba su taɓa saɓa lokaci ba, ana zuwa tsakiyar faɗa sai ɗif. To Razak ne ke cewa yayansa ya ga ƙarshen a unguwar Kawukudi, mu kewaye shi, ya ƙarasa mana.

Na ce, "Razak, tsakaninka da Allah, ina mai kokon nan?"

Ya yi dariya har ya saki keken ɗinki. "Cale, abokina, wane yaya? Ni ba ni da yaya a Kawukudi kuraa, ko ɗaya! Mai koko ai matar nan Amama ne, na bakin masallaci. Ya hana ni ƙosai, na ce bari in sa shi ya yi faɗa da dodo."

Ruhaina ta ja benci ta zauna. "To bayan ta watsa kokon, me ya faru?"

Razak ya gyara murya. Awa guda yana zuba, dodo ya faɗa kwata, 'yan kaya masu dako suka ɗaure shi da igiyar buhu, kwastoma na tsaye da wandonsa a hannu ya manta abin da ya kawo shi. A hanyar gida ta ce, "Baba, gaskiya naku ya fi daɗi. Amma na Baba Razak ne, ba na Japan ba." Na karɓi rabin nasarar nan hannu biyu.

Saboda haka ina miƙa godiya ga manyanmu. Da sun bar mana wuta, da mun gane tun tuni cewa katun ɗinmu ba wani abin kirki ba ne. Ina kuma ba su shawara kyauta: kwatar bayan gidanmu da aka haƙa rabi, zaɓe uku ke nan, kada su wahalar da kansu neman siminti. Su ɗauki Razak aiki. Mu mun saba a ƙarasa mana abu da baki, shi kuwa aƙalla muna tashi da dariya.