Ranar da Na Kwantar da Mijina a Asibitocin Turai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara dangin mijina saboda kalma ɗaya ta Turanci.

Baban Hanifa baduku ne, yana ɗinka jaka da takalman fata a wani ɗan shago a Durumi. Ƙungiyarsu ta samo musu gurbi a baje kolin kayan hannu a Jamus, shi da abokin sana'arsa Oga Bulus, daga nan su leƙa Italiya da Faransa su nuna kaya. An biya musu jirgi, amma masauki kowa tasa ta fisshe shi.

Ni ko Kaduna zai je ba na iya cin abinci, balle Turai. To ina cikin wankin kayan Hanifa wata safiya sai na ji shi a waya yana cewa, "A Jamus hospital kwana huɗu, a Italiya hospital kwana uku. Mu nemi mai araha kawai, gado ne ai." (Abin da kunnena ya ji ke nan. A aji huɗu na firamare na tsaya, amma duk wanda ya zauna Abuja ya san hospital asibiti ne.)

Sabulu ya faɗi daga hannuna. Wato baje kolin ƙarya ne! Nan take na tuno ya rage cin tuwo, ya yi tari sau biyu ranar Talata, ga shi yana yawan kallon Hanifa. Ciwon da asibiti ɗaya ba zai iya ba, sai an bi ƙasa uku? Ban tambaye shi ba, don na san zai ɓoye. Sai na kira Inna, mahaifiyarsa, a Zuba.

Kafin la'asar ta iso da ƙannenta biyu, da galan na rubutu, da ƙullin sassaƙe. Muka wuce shago kai tsaye. Muka same su shi da Oga Bulus sun haɗa kai a kan waya, maƙwabtan shago na zaune a benci. Na zube a gabansa da goyo a bayana.

"Don girman Allah, Baban Hanifa, ka faɗa mana ciwon! Ko ƙoda ce, ni zan ba ka tawa!"

Ya tsaya da basilla a hannu. "Wace ƙoda?"

"Kai dai ɗan nan ka cika zurfin ciki," in ji Inna, tana buɗe galan. "Asibiti uku, ko uwarka ba za ka gaya wa ba?"

Oga Bulus ne ya fara ganewa. Ya riƙe ciki, ya zame daga kujera. "Madam! Hostel ne, ba hospital ba! Gidan kwana ne na masu ƙaramin ƙarfi, ɗaki ɗaya gado da yawa, kamar na 'yan makaranta!"

Benci ya ɗauki dariya. Mai faci na gefe ya ce, "Baban Hanifa, in ba ka son ƙodar a ba ni." Inna ta rufe galan a hankali, ta yi mini kallon da har yau in na tuna sai na ji zufa. Da ƙasa ta tsage da na shige ni da goyona.

Don in sami inda zan ɓoye fuskata, na ce a ba ni wayar in ga asibitin nawa. Suka miƙo suna dariya. Sun riga sun zaɓi wanda ya fi araha, saura su biya. Ba na iya karanta rubutun, amma hoto ai ba ya buƙatar boko. Na buɗe shi da yatsu biyu.

"Wannan takalmin mai tsini da ke ƙarƙashin gado fa, na wane ne? Ga ɗan kwali a rataye, ga kuma wandon namiji a gadon sama."

Oga Bulus ya karɓa, ya karanta ƙananan rubutun ƙasa, dariyarsa ta ɗauke. Ɗakin maza da mata ne a haɗe. Inna ta saki salati, ta ja benci ta zauna kusa da ni. "Ci gaba da dubawa, 'yata."

Ai kuwa na gyara goyo. Sau biyar muna tashi daga haya a Durumi, ni nake neman ɗaki, na san halin masu gida. Wanda ya cika hoton furanni bai nuna banɗaki ba, na ce a wuce, akwai abin da yake ɓoyewa. Wani mai kyau na ga matakala siririya har hawa huɗu, na ce wa zai hau da buhun jakunkuna? Wani babu akwatin ƙarfe mai kwaɗo, na ce kayan mutane ba za su kwana a fili ba. Na nemi mai kicin, don na san mijina ba zai iya burodi da ganye kwana goma ba. Na sa Oga Bulus ya karanta mini abin da waɗanda suka taɓa kwana suka rubuta, musamman masu ƙorafi, don mai yabo ba ya faɗin kuɗin cizo. Na kuma sa ya duba nisan kowanne da tashar jirgin ƙasa.

Na zaɓa musu uku, duk ɗakin maza zalla. Na Faransa ne Oga Bulus ya ƙi, wai ya ɗan fi tsada, ya kama nasa daban.

Baban Hanifa ya dawo lafiya, har da ƙiba, ya sayar da kaya, yajin da na ƙulla masa ya ƙare tas. Oga Bulus kuwa ya dawo yana susa. Da ya zo gaishe mu bai jira na tambaya ba.

"Madam, ƙyale ni. Yadda kuɗin cizon wancan na Faransa suka yi da ni, hospital ɗin ne ya kamace ni."

Har yau a layin shagon Maman Hospital suke ce mini, kuma na daina jin haushi, domin duk wanda zai yi tafiya, ko Legas ce, sai ya kawo mini waya in duba masa ɗaki. Abin da na koya dai, kafin ki kira uwar miji da galan na rubutu, ki tambayi mijin tukuna. Ƙodata kuma tana nan, ba wanda ya karɓa.